Motar Haya da Babban Taron Wasanni na Yamai

Ka sani, ya kai mai karatu, a shekarar 2005, daga ranar 7 zuwa 17 ga watan Disamba, birnin Yamai ya sauki baƙin wasannin ƙasashe masu amfani da harshen Faransanci karo na biyar, inda samari da ƴan mata daga ƙasashe fiye da arba'in suka hallara domin ƙwallon ƙafa da guje-guje da damben zamani, har da kokowa irin tamu ta gargajiya. An buɗe taron a filin da ke ɗauke da sunan Janar Seyni Kunce, wanda ba baƙo ba ne ga mutanen Kurfai, wato ƙasarmu ta Filinge, tun da a Fandu aka haife shi, nan kusa da mu.

To, filin nan yana ɗaukar mutum wajen 35,000, kuma a nan lissafin da ka koya zai yi maka amfani. Da a ce kowane mutum huɗu za su zo cikin ƙaramar mota guda, da sai an tara mota 8,750 a bakin ƙofa, alhali babu titin da zai ɗauke su, balle wurin ajiye su; amma babbar mota mai cin mutum saba'in, guda 500 sun wadatar, ko ma ƙasa da haka idan kowace ta yi sawu biyu. Wannan ita ce hikimar motar haya, kuma saboda ita ne hukumar Katar, lokacin gasar cin kofin duniya ta 2022, ta bar masu tikitin kallo su hau jirgin ƙasa na birnin Doha kyauta. Ba don sadaka ta yi haka ba, maslahar titunanta ta duba.

Al'adar irin wannan taro ce a keɓe wa ƴan wasa da manyan baƙi motocinsu, waɗanda ke kai su daga masauki zuwa fili bisa ƙayyadadden lokaci. Shi kuwa talaka, wanda da ihunsa da tafinsa wasan ke armashi, rabonsa yana hannun taksi da faba-faba, wato ƙananan bas na haya, a cikin birni, da kuma motar tasha idan daga karkara ya taso, kuma a ganina hukuma ba ta cika ba wannan ɓangare haƙƙinsa ba. A shekarar 2005 ɗin ma, da yake fari da fara sun cinye amfanin daminar 2004, magidanta da yawa a ƙasarmu tunanin hatsi ya hana su tunanin kuɗin mota, sai dai suka bi wasan ta rediyo.

Daga Filinge zuwa Yamai kimanin kilomita 180 ne, ta Bonkuku da Baleyara da Hamdallahi. Wanda ya ƙudura niyyar zuwa kallon irin wannan taro, ya kyautu ya yi sammako, domin motar tasha ba ta san agogo ba, sai ta cika take tashi, kuma ranar Lahadi, da kasuwar Baleyara ke ci, ƴan kasuwa da kayansu sukan riga shi wurin zama. Ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa a jikinsa saboda shingayen jandarma, waɗanda bincikensu kan tsananta a lokacin taro. Ya daidaita kuɗi da ɗan kamasho tun kafin karen mota ya ɗaure masa kaya, ya kuma ware kuɗin komowa a aljihu dabam, gama idan aka tashi daga wasa da dare, jama'a ta yi yawa motoci suka yi kaɗan, farashi ba ya jin roƙo. Idan ya ga an yi wa mota lodi fiye da ƙima, ya haƙura ya jira ta baya, domin rai amana ce.

Akwai kuma hukuncin salla, wanda matafiya kan manta. Tazarar Filinge zuwa Yamai ta zarce mil 48 da malaman mazhabar Malikiyya suka ƙayyade, saboda haka yana iya yin ƙasaru, wato ya mayar da Azahar da La'asar da Lisha raka'a bibbiyu da zarar ya wuce gidajen gari; amma idan ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a Yamai, to, daga shigarsa birni sai ya cika sallarsa.