Tsohuwar Corvette da Abubuwan da Ke Cin Ta

A ranar 30 ga watan Yuni na 1953 ne motar Chevrolet Corvette ta farko ta fito daga masana'antar kamfanin General Motors da ke garin Flint a jihar Mishigan ta Amurka. Guda 300 kacal aka ƙera a wannan shekara, dukkansu farare masu jajayen kujeru, kowace mai ɗaukar mutum biyu, kuma kuɗinta kusan dala 3,500 ne. Injinta mai silinda shida bai burge masu son gudu ba, sai a 1955 da aka soma sa mata mai silinda takwas ta fara yin suna. A yau masu tara tsofaffin motoci suna neman irin waɗannan ruwa a jallo. A 2014 an yi gwanjon wata Corvette ƙirar 1967, daga cikin guda ashirin da aka sa wa injin da ake kira L88 a shekarar, a kan dala miliyan 3.85.

Abin da ya kamata ɗalibin kimiyya ya tambaya shi ne, ta yaya mota za ta kai shekara sittin ko saba'in ba ta koma bola ba? Domin ita mota tarin ƙarfe ce da roba da fata da auduga da fenti, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana da abin da ke cin sa.

Babban abin da ya bambanta Corvette da sa'o'inta shi ne bodinta. An yi shi da zaren gilashi, wato siraran zaruruwan gilashi da aka jiƙa da wani irin danƙo mai daskarewa ya yi tauri. Wannan ba ya tsatsa. Tsatsa kuwa tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin alhali akwai ruwa ko laima. Abin da ke fitowa daga wannan haɗuwa ya fi ƙarfen asali cin wuri, ga shi da gautsi, saboda haka sai ya kumbura ya ɓare, ya buɗe sabon ƙarfe ga iska. Alminiyam ma yana haɗuwa da oksijin, amma nasa ɓawon yana manne masa ne ya kare abin da ke ƙarƙashi, shi ya sa tukunyar alminiyam ke daɗewa a madafa. Gishiri yana hanzarta tsatsa ƙwarai, domin ruwan gishiri ya fi ruwa zalla gudanar da lantarki, ita kuwa tsatsa aiki ne na musayar ƙwayoyin lantarki tsakanin ƙarfe da oksijin. A jihohin arewacin Amurka ana barbaɗa gishiri a kan hanya lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara, don haka motar da ta yi zamanta a busasshiyar jiha irin Arizona ta fi daraja wajen masu saye.

Sai dai bodin gilashi yakan yaudari ido. Shasin tsohuwar Corvette na ƙarfe ne, kuma daga ƙirar 1963 akwai wani ƙashi na ƙarfe da ke kewaye da wurin zama, ɓoye a ƙarƙashin bodi. Ruwan da ya sulala ta gefen gilashin gaba yakan kwanta a nan ya yi ɓarna shekara da shekaru, alhali waje yana ta ƙyalli. Gwanin saye yakan fara ne da kwanciya a ƙarƙashin mota da tocila a hannu.

Roba tana da nata abokan gaba. Ƙwayoyinta dogayen sarƙoƙi ne, kuma iskar ozon da hasken rana suna tsinka su. Wannan ne dalilin tsagewar da ake gani a gefen tsohuwar taya ko da ba a taɓa hawanta ba. Fetur ɗin da aka bari a tanki shi ma yakan canja, sassansa masu saurin tashi su tsere, saura ya yi kauri ya toshe kafireto.

Daga nan sai masu rai, kuma a nan ne ilimin halittu ya shigo. Ƙwayoyin haihuwar fumfuna suna yawo cikin iska a ko'ina, ba a iya hana su shiga gareji. Ruwa kaɗai suke jira. Idan laimar iska ta daɗe sama da kashi 70 cikin ɗari, sai su tsiro a kan fata da auduga da kafet, su miƙa siraran zaruruwa cikin abin da suka samu. Fumfuna ba ta da baki. Tana fitar da sinadaran narkar da abinci ne a waje, ta narkar da selulos na auduga ko maiƙon da ke cikin fata, sannan ta tsotse. Duk wanda ya taɓa ajiye takalmin fata a ɗaki mai damshi cikin watan Agusta ya ga wannan aiki da idonsa, kuma ya san ba a ganinsa da hunturu. Ɓera kuwa haƙoransa na gaba ba sa daina tsawo muddin yana raye, dole ya riƙa gaigayar abu mai tauri. Motar da ke tsaye mafaka ce a gare shi: ya yagi audugar kujera ya yi sheƙa, ya ci wayoyin lantarki, fitsarinsa kuma ya ci ƙarfe.

Mutum zai zaci rufe mota ruf shi ne magani. A 1959 wani ɗan kasuwa a garin Brunswick na jihar Maine ya sa aka gine Corvette ɗinsa ƙirar 1954 cikin ɗakin bulo. Da aka fasa ginin a 1986, motar ba ta cika tafiyar mil 2,400 ba, amma laima ta sa fentinta ya yi bororo. Wadda aka binne a birnin Tulsa a 1957, wata Plymouth Belvedere, ta fi shan wahala: da aka tono ta a 2007 an tarar ruwa ya shiga ramin, tsatsa ta cinye ta. Iskar da ba ta motsi tana tara laima. Saboda haka masu ajiya na ƙwarai suna neman wuri busasshe mai inuwa wanda zafinsa ba ya hawa da sauka, kuma sukan tayar da injin su ɗan zaga da motar lokaci lokaci domin mai ya ratsa ko'ina.

A nan ne kuma gardama take tsakanin masu tarawa. Wasu sun fi son a kwance mota a sabunta komai har ta fi yadda ta fito daga masana'anta kyau. Wasu suna ganin fentin asali, ko ya dushe, shaida ce wadda idan an kankare ta ba ta dawowa. Hujjar waɗannan na biyu ta fi ƙarfi, kuma ƙirar 1963 ta nuna haka. Gilashin bayanta kashi biyu ne, da sanda a tsakiya, abin da aka daina a 1964 saboda yana tare wa direba gani. Wasu masu motar sun sa an yanke sandar don ta yi kama da sabuwar ƙira. A yau wadda ba a taɓa ba ita ake rububi. Haka kuma ana duba lambar da ke jikin inji a ga ko ta dace da ta motar, domin a tabbatar shi ne injin da ta fito da shi.

Gardamar ta taso a fili a 2014. Da asubahin 12 ga Fabrairu ƙasa ta rufta a cikin gidan tarihin Corvette da ke Bowling Green a jihar Kentaki, ta haɗiye motoci takwas. Yankin yana kan dutsen da ake yin siminti da shi, wanda ruwan sama ke narkarwa sannu a hankali saboda iskar kabon da ta narke a cikinsa ta mai da shi ɗan tsami, har koguna su samu a ƙarƙashin ƙasa. Ba wanda ya ji rauni. An gyara uku daga cikin motocin, har da Corvette ta cikon miliyan ɗaya wadda aka ƙera a 1992, sauran biyar kuwa aka bar su yadda aka ciro su.

Malami zai iya nuna wa ɗalibai tushen wannan darasi da ƙusoshi huɗu da kwalabe huɗu. A sa ɗaya cikin ruwan famfo, ɗaya cikin ruwan gishiri, ɗaya cikin ruwan da aka tafasa aka zuba man gyaɗa a kansa don hana iska shiga, ta huɗu kuma cikin busasshiyar kwalba mai murfi. A goge ƙusoshin da yashi tukuna, domin waɗansu suna zuwa da rufin da ke hana tsatsa. Ɗalibai su riƙa dubawa kullum har mako guda, suna rubuta ranar da ja ya fara bayyana a kowace kwalba.