Darasi: Yadda Ake Gane Fumfuna a Jikin 'Ya'yan Itatuwa

A ƙasar Ɗandume, mangwaro yakan nuna daga watan Maris zuwa Mayu. Da iska ta kaɗa, sai ya zubo ƙasa. In ruwan fari ya sauka, cikin 'yan kwanaki fumfuna ta rufe shi. Yara sukan tsinta, su yanke inda ya ruɓe, su sha sauran. To, akwai haɗari a cikin wannan.

Mece ce fumfuna?

Fumfuna halitta ce mai rai, dangin naman kaza. Irinta yana cikin ƙasa da iska, ido ba ya ganinsa. Tana son danshi da ɗumi. Takan shiga ta inda ɓawo ya fashe, ko inda tsutsa ta huda. Abin da ake gani a waje kaɗan ne. Saiwoyinta sun riga sun ratsa ciki.

Iri huɗu da ya kamata a sani

1. Baƙaƙen tabo masu lotsawa a jikin mangwaro ko gwaiba. Wannan cuta daga bishiya take farawa. In an bar 'ya'yan a ƙasa, ruwa yakan yaɗa ta.

2. Farin gashi kamar auduga, mai ɗigon baƙi a kai. Ana samunsa a gwanda da tumatir. Yakan mai da su ruwa-ruwa.

3. Koren gari mai farin gefe. Wannan na lemo ne. Lemo ɗaya yakan ɓata kwando guda.

4. Gari mai launin kore da rawaya a haɗe. Wannan ya fi sauran sharri. Daga ƙasa yake kama masara da gyaɗa idan an shanya su a kan turɓaya, ko an ɗura su a buhu da danshi.

Gubar da ba ta jin wuta

Iri na huɗu yana haifar da guba mai suna afalatoksin. Dafuwa ba ta kashe ta. Tana lalata hanta, tana jawo sankara. In saniya ta ci, gubar takan fito a nononta. An gano ta ne bayan talotalo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, saboda sun ci abincin da aka haɗa da gyaɗa mai fumfuna. A Kenya, a 2004, mutum 125 suka rasu bayan cin gurɓatacciyar masara.

Abin yi

A tsinke 'ya'yan itace tun suna sama. A tattara ruɓaɓɓu a binne su a rami. Kada a ba yara, kada a ba dabbobi. Kada a shinshina fumfuna. A shanya hatsi a kan tabarma ko tamfol har ya bushe ƙayau kafin a kai rumbu ko kasuwa. In ana shakka, a tambayi malamin gona. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Wane launi ne fumfunar da ta fi haɗari?
2. Me ya sa yanke wurin da ya ruɓe bai isa ba?
3. Ina ya kamata a shanya masara?