Hunturu da Ɗakin Kaji: Nasiha ga Masu Kiwo a Bayan Gida

Duk shekara, da zarar watan Nuwamba ya raba tsakiya, iskar arewa maso gabas ta taso daga Sahara da ƙurarta, hazo ya rufe gari, mu da muke aikin likitancin dabbobi a ƙasar Zazzau mun san lokacin kuka ya zo, domin daga nan har ƙarshen Fabrairu da wuya mako ya wuce ba a kawo mana matacciyar kaza cikin buhu ba, ko a aiko yaro da gudu a ce akurki ya ƙare. Mutane suna cewa sanyi ne, kuma haƙiƙa akwai sanyi, tun da a Zariya da Kano ma'aunin zafi yakan sauko wajen digiri 12 da asuba a Disamba da Janairu, a Jos ma ya yi ƙasa da haka, sa'an nan da azahar ya haura kusa da 30, wannan hawa da sauka kuwa yana gajiyar da jikin tsuntsu. Amma abin da na tabbatar a cikin wannan aiki shi ne, kazar da gashinta ya cika, ta ƙoshi, tana kwana a busasshen wuri, sanyin ƙasarmu ba ya kashe ta. Abin da ke halaka ta shi ne abin da ake yi mata da sunan maganin sanyi, da abin da aka ƙi yi mata tun kafin sanyin ya shigo.

Sababin wannan rubutu wani al'amari ne da ya auku a hunturun da ya wuce, a wata unguwa bayan ganuwa, a gidan wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu. Bayan ta fita takaba, sai ta kwashi adashinta, ta haɗa da ɗan abin da ya same ta na gado, ta sayi kajin ƙwai guda 50 waɗanda suka kusa fara saka, ta ƙara a kan kajin gida da take da su tun da can, daga baya kuma ta karɓi 'yan tsakin salwa wajen 200, da niyyar ƙwan ya riƙa ɗauke mata cefane da kuɗin makarantar yara. Mace ce mai himma da tsabta, wadda babu mai zarginta da lalaci, kuma da ta ji ana maganar rigakafi ba ta yi ƙyuya ba, ta aiki babban ɗanta kasuwa. Yaron ya faɗa hannun wani saurayi mai rumfar sayar da abincin kaji, wanda mutanen layin suka laƙaba masa likita shi kuma ya amsa, alhali bai taɓa zama gaban malamin wannan fanni ko na yini ɗaya ba. Ya jawo aljihun tebur, a cikin rumfar kwano da rana ta gasa, ya fito da kwalbar rigakafin LaSota, ya naɗe ta a takarda ya miƙa wa yaro, babu ƙanƙara babu kula, ya ce a juye a ruwa su sha. Aka juye a ruwan famfo, cikin tsohon farantin ƙarfe, aka bar shi tun hantsi har la'asar, uwar marayu kuwa ta kwanta da natsuwa, tana zaton ta sauke wajibi.

Ana nan, makon Kirsimeti ya gabato, kasuwar kaji ta cika ta batse, wani ya shigo da zakaru yana sayarwa da araha ƙwarai, irin arahar da ya kamata a tsaya a tambayi dalilinta. Yaron ya sayo biyu don ya faranta wa mahaifiyarsa, aka sake su cikin sauran a daren nan. Ba a cika mako ba sai aka fara jin minshari a ɗakin kaji da dare, suka daina ci, suka saki fukafukai, kashinsu ya koma kore. Aka sake komawa wurin mai rumfa, shi kuwa bai taka ya ga kajin ba, bai tambayi ko an shigo da baƙin kaji ba, nan take ya yanke hukunci cewa sanyi ne ya kama su. Ya ce a toshe taga da kowace kafa da leda da buhun siminti, a hura gawayi a kasko a sa a tsakiyar ɗaki, a rufe ƙofa kada a buɗe sai rana ta fito. Ya sayar musu da kafso ja da rawaya, wanda na mutane ne, ya ce a fasa a ruwa a ƙara barkono. Sa'an nan, abin da har yau in na tuna raina yake ɓaci, ya ce 'yan salwar nan, waɗanda suke kwance lafiya lau cikin kwali a ɗakin matar ƙarƙashin fitila, a mayar da su ɗakin kaji don su ci moriyar ɗumin.

A dare na biyu aka aiki ƙaramar 'yar matar ta ƙara gawayi kafin a kwanta. Yarinya ta shiga ta ja ƙofa kamar yadda aka umurce ta, ta durƙusa tana fifita wuta har ta kama, da ta fito sai jiri da ciwon kai da amai, ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. Maƙwabta suka ɗauke ta zuwa asibiti, Allah cikin rahamarsa ya tashi kafaɗarta. Da gari ya waye aka buɗe ɗakin, yaron ya zo mini a guje, ya ce, “Likita, don Allah Inna ta ce ka taimaka ka zo.”

Ko da na sa kaina cikin ɗakin nan, idanuna suka kawo ruwa saboda yajin amoniya, ledar taga tana ɗigar da gumi, buntun da aka shimfiɗa ya jiƙe ya dunƙule. 'Yan salwa sun taru a kusurwa sun hau kan juna, babu mai motsi sai 'yan ƙalilan. Na buɗe wasu daga cikinsu, jininsu ja ne wur, jan da iskar gawayi take bari a jiki. Na buɗe kaji, na tarar da ɗigon jini a tumbin da ke gaban ƙundu da kuma cikin hanji, alamar da ke nuni ga fakat, cutar da Turawa suke kira da sunan garin Newcastle na Ingila, inda ta ɓulla a 1926. Watau masifa biyu aka haɗa mata a ɗaki ɗaya, kuma dukkansu da kuɗinta ta saye su. Matar tana tsaye a bakin ƙofa, ta ce, “Likita, ni fa duk abin da aka ce in yi na yi. Ina laifina?” Na ce mata, “Hajiya, ba ki da laifi, amanarki aka ci.” Maƙwabta da suka taru suna ta ba ta haƙuri da cewa ƙaddara ce. Babu Musulmin da zai yi jayayya da ƙaddara, amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali yana zuwa ne bayan riƙon sababi, kuma ba ya halatta a ɗauki ha'incin ɗan Adam a lulluɓe shi da sunan ƙaddara don mai ha'incin ya tsira. Na je na sami saurayin a rumfarsa, bai nuna nadama ba, ya ce kayan kamfani ne, kuma kowa a layin haka yake sayarwa. Kafin wata ya ƙare, kajin gidajen da ke kewaye sun bi, domin an zubar da mushen a juji, karnuka da shirwa sun yi ta ja, wasu kuma da suka ga kajinsu sun fara layi sai suka yi maza suka kai kasuwa, kamar yadda mai zakarun nan ya yi tun farko.

Rigakafin da ya kwana a aljihun tebur ruwa ne kawai. Ɗakin da aka toshe aka hura wa gawayi yana kashe tsuntsu, yana kashe mutum. Kafso ba ya maganin fakat. Mai sayar da dusa ba likita ba ne.

Maganar rigakafi ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin abu ne mai araha, kuma a ƙasar nan ake yin sa, a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda take a can tun 1924. Duk wanda ya miƙo maka kwalba ba daga cikin firji ko ƙanƙara ba, mayar masa da abinsa, ko da ya rantse da safe aka kawo. A ɗauko ta cikin kula, a hana kaji ruwa na awa 1 ko 2 don su ji ƙishi, a dama a ruwan rijiya mai tsabta cikin mazubin roba, a tabbata sun shanye kafin awa 2 ta cika. Ruwan famfo mai kilorin yana kashe ta, rana ma haka. Ga masu kajin gida da ke yawo akwai I-2, wadda ake ɗigawa a ido, ta fi jure zafi, ana maimaita ta duk wata 3 ko 4, amma jure zafin nan yana da iyaka, ba izini ba ne a jefa ta aljihu a yi mako. Lokacin rigakafi kuwa watan Oktoba ne, kafin iska ta juya. Wanda ya jira sai kaji sun fara minshari sa'an nan ya nemi rigakafi ya makara, kuma yi wa marar lafiya rigakafi ƙara masa nauyi ne. Sau da yawa mai kiwo yakan zo mini yana fushi wai rigakafi ya kashe masa kaji, in na bincika sai in tarar cutar ta riga ta shiga, ko kuma kwalbar ta rumfar kwano ce.

Amma mas'alar ɗumi, a rufe gefen da iska ke bugowa, watau arewa da gabas, da buhu ko zana, a bar sarari ta sama kusa da rufi inda gurɓatacciyar iska za ta fita, da rana kuma a ɗage komai. Manyan kaji ba su bukatar wuta ko kaɗan. 'Yan tsaki ne ke bukata, digiri 32 zuwa 35 a makon farko, ana ragewa wajen 3 kowane mako, 'yan salwa kuwa sun fi su son ɗumi, tun da ɗan salwa ranar ƙyanƙyasa bai kai giram 10 ba, kuma dare ɗaya da wutar lantarki ta ɗauke ba a tanadi fitila ba ya isa ya sa su danne juna su mutu. In dole sai gawayi, a hura shi a waje har hayaƙi ya ƙare ya zama garwashi, a kewaye kaskon, kuma duk da haka a bar kafa a buɗe, domin garwashin da ba ya hayaƙi yana fitar da iskar nan mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Kada a aiki yaro cikin irin wannan ɗaki. In ka shiga ɗakin kajinka da asuba idonka ya yi yaji, to, su a haka suka kwana, ka buɗe taga ka kwashe jiƙaƙƙen buntu. Ina sake faɗa, kada a toshe ɗaki da leda.

Salwar nan ta Japan, wadda aka shigo da ita Nijeriya ta hannun cibiyar Vom a 1992, ana yabonta da juriya, har wasu masu sayar da 'yan tsaki suna faɗa wa mutane wai ba ta ciwo sam, wannan kuwa ƙarya ce mai cutarwa. Tana kamuwa, kuma ba a haɗa ta ɗaki ɗaya da kaji. A sa tsakuwa a mazubin ruwan 'yan tsakinta don kada su nutse. Dusa da tsaki ba su ishe ta ba. Kuma in ƙwai ya ragu a Disamba, dalilin a bayyane yake, yini bai kai awa 12 ba, ita kuwa tana son haske na awa 14 zuwa 16. Ƙwan lantarki ɗaya bayan magariba ya wadatar, ba sai an sayi garin da baragurbi yake kira maganin ƙwai ba.

Duk kazar da ta fito daga kasuwa, ko kyauta ce daga ɗan'uwa, a ware ta mako 2 kafin ta ga sauran. Agwagi sukan ɗauko cuta su yi ta yawo da ita ba su nuna alama ba. Kajin da aka ɗura wa kafso ba a cin ƙwansu ko namansu sai kwanakin da aka rubuta jikin maganin sun cika, na mutane kuwa babu ma inda aka rubuta, sayar da irin wannan ƙwai ga jama'a algus ne. Haka kuma sayar da kazar da ka san tana ɗauke da cuta, ka ɓoye aibinta, haramun ne a shari'a, kuma zalunci ne ga wanda ba ka sani ba, la'alla ma wata uwar marayu ce.

In kuwa kaji suna faɗuwa da yawa farat ɗaya, kai ya kumbura, zanko ya yi shuɗi, ƙafafu sun yi jini a ƙarƙashin fata, kada kowa ya ce fakat ce ya yi shiru, domin murar tsuntsaye tana kama da ita, kuma a cikin hunturu aka fara tabbatar da ita a ƙasar nan, a watan Fabrairun 2006, a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna. Wannan tana iya kama mutum. A sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma, kada a yanka, kada a fige, kada yara su taɓa. Mushe a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne shi, a zuba farar ƙasa a kai, ko a ƙone shi ƙurmus. Wanda ya yi aikin ya wanke hannu da takalmi da sabulu kafin ya shiga gidan wani, ɗakin kuma a kankare shi, a wanke, a bar shi a buɗe rana ta dake shi makonni kafin a sake zuba tsuntsu a ciki.