Yabo Kaɗai Ba Ya Gyara Hoto

Duk bayan Sallah, zaurukan WhatsApp na masu ɗaukar hoto a Zangon Lome kan cika maƙil: dattijai cikin farar shadda, 'yan mata da lalle, yara da sabbin huluna. Amsar da ake bayarwa kuwa ba ta wuce biyu. Ko dai a jera "ya yi kyau, Allah ya ƙara basira", ko wani ya yi wuf ya ce "wannan ai aikin waya ne". Mai hoton ya tashi bai ƙaru da komai ba. Da wannan sana'a nake ci, ina kuma da yara masu koyo a shago, shi ya sa abin yake damuna.

Gyara mai amfani shi ne wanda ya faɗi abin da ya faru da dalilinsa. Ƙorafin da muka fi ji shi ne "ka baƙanta ni". Sau da yawa rigar ce ta jawo. Na'urar auna haske ta kyamara tana ƙoƙarin mayar da abin da ta gani ruwan toka tsaka-tsaki, to idan farar babbar riga ta cika hoton sai ta rage haske, fuskar Alhaji ta nutse. Wanda ya ce wa yaro "hotonka ya yi duhu" bai koya masa komai ba, ai shi ma yana da ido. Ce masa ya auna hasken a kan fuska, ko ya ƙara da mataki ɗaya, ko ya janye mutumin daga ranar tsaka zuwa inuwar zaure, wani ya riƙe farin kwali yana mayar da haske ƙarƙashin haɓa. Matsalar ma ta girme mu: katin da kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wanke hoto a da don daidaita launi, hoton farar mace ne a jiki.

Sai abin da ya bambanta hoton mutum da na gini ko kasuwa: akwai mutum na uku a maganar. Tun da aka tashi tsohon Zango daga tsakiyar gari a 1977 aka dawo da mu nan wajen Agoè, gidajen nan sun san juna ciki da bai. Ka rubuta "hancin amaryar ya cika girma" da la'asar, kafin isha'i maganar ta isa ɗakin uwarta. Alhali laifin na mai ɗauka ne, ya matso kusa yana amfani da gilashi mai faɗin gani, gilashin kuwa yana kumbura duk abin da ya fi kusa da shi. Ja da baya taku biyu ko uku ka zuƙo, fuska ta koma yadda Allah ya yi ta. A soki haske, tazara da bango, a bar halitta. Kuma kada a tura hoton matar mutane zaure don neman gyara sai da izininta.

Karɓar gyara ta fi ba da shi wuya. Idan Hajiya ta ce "wannan ba ni ba ce", kada ka fara kare kanka da bayanin kyamara. Ka ce, "Hajiya, ina ne bai yi miki ba?" Sau tari gyalen ne ya karkace, ko an ɗauke ta daga ƙasa. Seydou Keïta, mai ɗaukar hoto na Bamako wanda ya buɗe shagonsa a 1948, da hasken rana ya riƙa aiki a tsakar gida, yana ba masu zuwa aron agogo ko rediyo, yana gyara musu zama har su fito yadda suke son a gan su.

Amma ba kowace buƙata nake bi ba. Mai cewa in haska ta har fatarta ta koma kamar ta shafa man bilicin, nakan nuna mata hoto biyu gefe da gefe, in faɗi ra'ayina. Wasu su yarda, wasu su tafi wani shagon.

Yarana kuwa gyara ɗaya nake ba su a kan kowane hoto, ba a gaban mai hoton ba, sannan su ɗauki kyamara su sake ɗauka nan take.