Daga Majami'a Zuwa Ɗakin Jarrabawa: Darasi Kan Nazarin Adabin Turanci



Kowace shekara iyaye da yawa a cikinmu sukan sayar da hatsi ko akuya domin su biya wa 'ya'yansu kuɗin jarrabawar gama sakandare, ta WAEC ko ta NECO. Cikin darussan da wasu yaranmu suke rubutawa akwai adabin Turanci, wato nazarin ƙagaggun labarai da waƙoƙi da wasannin kwaikwayo. Wasu iyaye suna ɗaukarsa karatun tatsuniya kawai, alhali kuwa jami'o'i da yawa a Nijeriya ba sa ɗaukar ɗalibi karatun lauya sai ya ci wannan darasi da kyau. Ɗaliban su ma, da yawansu ba sa karanta littattafan da aka zaɓa musu. Sai su sayi ƙananan ƙasidu na taƙaitawa a kasuwa, su haddace, su shiga ɗakin jarrabawa da abin da wani ya tauna musu. Da zarar tambaya ta sauya fuska kaɗan, sai ido ya raina fata, kuɗin akuya kuma ya tafi a banza.

Mai duba takardar jarrabawa ya riga ya san labarin. Abin da yake so ya gani shi ne ko ɗalibi ya gane yadda marubuci ya gina shi, da dalilin da ya sa ya gina shi haka. Wannan gwaninta kuwa, yaron da ya tashi cikin Ikkilisiya ya daɗe da fara koyonta ba tare da ya sani ba, gama kowace Lahadi yana jin misalai da zabura da wa'azi. Manufar wannan darasi ita ce mu nuna masa yadda zai ɗauki abin da kunnensa ya saba da shi a majami'a, ya kai shi ɗakin karatu.

1. Abin da Ikkilisiya take koyarwa

Kada wani ya ɗauka muna daidaita Littafi Mai Tsarki da ƙagaggen labari. Littafi Mai Tsarki Maganar Allah ne, hurarre ta wurin Ruhu Mai Tsarki. Amma Allah ya yi mana magana ta bakin mutane da harshen mutane, su kuwa suka rubuta tarihi da doka da waƙa da karin magana da wasiƙu. A shekarar 1943 Paparoma Pius na 12 ya fitar da wasiƙarsa mai suna Divino Afflante Spiritu, inda ya ƙarfafa masana su lura da irin salon da marubutan dā suka yi amfani da shi. Majalisar Vatikan ta Biyu ta sake jaddada haka a 1965, cikin takardar Dei Verbum, sashe na 12: mai son ya fahimci nufin marubuci mai tsarki, dole ya kula da irin rubutun da ke gabansa, domin yadda tarihi yake faɗin gaskiya dabam yake da yadda waƙa ko annabci suke faɗinta.

Waliyyi Agustin, wanda aka haifa a 354 a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, malamin fasahar magana ne kafin ya tuba. A ƙuruciyarsa ya raina Littafi Mai Tsarki saboda yana ganin harshensa ba shi da armashi. Sai da ya saurari wa'azin Bishop Ambros a birnin Milan, ya ji yadda yake buɗe ma'anar da ke ƙarƙashin kalmomin Tsohon Alkawari, sannan idonsa ya buɗe. Aka yi masa baftisma a 387. Ashe iya karatu yana iya zama ƙofar bangaskiya.

2. Ƙagaggen labari

Mu fara da misalin ɓataccen ɗa, a Bisharar Luka sura 15. Duk abin da malamin adabi yake tambaya yana cikinsa. Akwai taurari: uba da 'ya'yansa biyu. Akwai wuri: gida, da ƙasa mai nisa. Akwai zubin labari: fita, ɓarnar dukiya, yunwa, kiwon aladu, nadama, komowa, biki. Akwai jigo, wato babban saƙon da ya ratsa labarin, shi ne jinƙan uba. Amma mu lura da ƙarshensa. Wan ya yi fushi ya ƙi shiga, uban ya fito yana lallashinsa, labari ya tsaya nan. Ba a gaya mana ko ya shiga ba. Don me? Farkon surar ya nuna cewa Farisiyawa da malaman Attaura ne suke gunaguni saboda Yesu yana cin abinci da masu zunubi. Su ne wan, aka bar musu ƙofa a buɗe domin su ba da amsa da kansu. Ɗalibin da ya iya tambayar “don me aka ƙare haka?” ya kama hanyar nazarin adabi.

Mu gwada wannan tambaya a kan Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958. Okonkwo jarumi ne a Umuofia, amma tsoro ɗaya ne yake tuƙa rayuwarsa, tsoron kada ya yi kama da mahaifinsa Unoka, wanda ya mutu matalauci cikin bashi. Wannan tsoro ya sa ya sare Ikemefuna, yaron da ya zauna gidansa shekara 3 yana kiransa uba, ko da yake wani dattijo ya gargaɗe shi kada ya sa hannu. A ƙarshe Okonkwo ya rataye kansa. Nan sai Achebe ya juya labarin zuwa tunanin Baturen mulki, wanda yake ganin rayuwar wannan mutum za ta iya cika sakin layi ɗaya cikin littafin da yake shirin rubutawa. Mai karatu ya bi Okonkwo tun daga shafin farko, ga shi wani zai dunƙule shi cikin 'yan layuka. Da wannan gugar zana Achebe ya nuna yadda baƙi suka riƙa ba da labarin Afirka.

Akwai kuma dabarar jera mutum biyu domin halin kowanne ya fito fili. Kamar yadda Luka ya jera wa da ƙane, haka Achebe ya jera masu bishara biyu: Mista Brown, mai haƙuri da zama da dattawa yana sauraronsu, da Rabaran Smith wanda ya gaje shi, mai zafin kai da tsanani. Mu Kirista muna da abin koyo a nan fiye da na jarrabawa.

3. Waƙa

Waƙa ce ta fi ba ɗalibai tsoro, musamman wadda za a kawo musu a jarrabawa ba su taɓa ganinta ba. Maganin tsoron shi ne sanin adon harshe. In na ce, “Rifkatu kamar inuwa take ga marayu,” na yi kamantawa, domin na sa kalmar “kamar”. In na ce, “Rifkatu inuwar marayu ce,” na yi siffantawa, na mai da ita abin kai tsaye. Zabura ta 1 ta kamanta adali da itacen bakin ruwa, Zabura ta 23 kuwa ta siffanta Ubangiji da makiyayi. A Littafin Mahukunta sura 9, Yotam ya ba da labarin itatuwa da suka fita neman sarki, zaitun da ɓaure da kurangar inabi suka ƙi, ƙaya ta karɓa. Wannan ita ce mutuntarwa, wato ba wa abin da ba mutum ba halin mutum. Maganar raƙumi da kafar allura kuma kambamawa ce, ƙara wa magana girma domin ta girgiza mai ji. Ya kamata ɗalibi ya keɓe shafi a littafin rubutunsa, ya jera waɗannan sunaye da Hausa, ya sa na Turanci kusa da su, da misali ɗaya na kansa.

Sai dai gano sunan dabara rabin aiki ne. Wanda ya rubuta cewa akwai siffantawa a baiti na biyu ya yi shiru, kamar wanda ya nuna maka rijiya ne bai ba ka guga ba. Dole ya ci gaba ya ce me siffantawar ta yi. Kiran Allah makiyayi yana kawo wa zuciya ciyarwa da tsaro da ja-gora, yana kuma tuna mana cewa mu tumaki ne masu saurin ɓata.

Tsarin waƙa shi ma yana da magana a bakinsa. Zabura ta 119 tana da kashi 22, ɗaya ga kowane harafi na Ibrananci, kowane kashi da aya 8, jimla 176. Waƙa ce ta yabon Shari'ar Allah, tsarinta kuma yana nuna cika daga harafin farko zuwa na ƙarshe. Haka a Turanci akwai wata irin waƙa mai ɗango 14 da ake kira sonet. A irin ta Italiya, ɗango 8 na farko sukan kawo damuwa ko tambaya, 6 na ƙarshe su juya zuwa amsa. Ɗalibi ya nemi inda waƙar ta juya, nan ma'ana take ɓuya. Gerard Manley Hopkins, firist ɗan ƙungiyar Jesuit a Ingila, wanda ya rayu daga 1844 zuwa 1889, gwani ne na wannan tsari, ko da yake sai a 1918 aka buga tarin waƙoƙinsa. Shi kansa ya nace cewa da kunne ake karanta waƙarsa. Saboda haka a karanta kowace waƙa da murya, sau uku aƙalla, kafin a ɗauki alƙalami, domin a ji amsa-amo da kari da maimaicin sauti.

4. Wasan kwaikwayo

A Lahadin da muke riƙe ganyen dabino, akan raba karatun shan wahalar Ubangiji tsakanin masu karatu: firist, da mai ba da labari, da wani mai karatu, da jama'a. Duk wanda ya taɓa tsayawa cikin taron da ke ɗaga murya a gicciye Yesu ya san yadda jiki yake yin sanyi. Abin da aka rubuta domin muryoyi da yawa ba ya rayuwa sai an raba shi. Haka wasan kwaikwayo yake. Ɗalibai huɗu ko biyar su zauna ƙarƙashin itace, kowa ya ɗauki tauraro ɗaya, su karanta fitowa guda, su kuma kula da umarnin da marubuci ya sa game da shiga da fita da motsi.

Babbar dabara a wasa ita ce mai kallo ya san abin da tauraro bai sani ba. A 2 Sama'ila sura 12, annabi Natan ya ba Sarki Dawuda labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta wani matalauci. Dawuda ya husata ya yanke wa attajirin hukunci. Mu da muka karanta sura 11 mun san abin da ya yi wa Uriya da matarsa Batsheba, mun san kansa yake hukuntawa tun kafin Natan ya faɗa masa. Haka William Shakespeare, wanda ya rayu daga 1564 zuwa 1616, ya gina Othello. Masu kallo sun ji Iago yana ƙulla makircinsa, sun ga yadda hankicin Desdemona ya kai hannun Cassio, amma Othello yana ta amince wa maci amanarsa har ya kashe matarsa marar laifi. Wannan wasan ban tausayi ne. The Lion and the Jewel na Wole Soyinka, wanda ya sami lambar Nobel a 1986, wasan ban dariya ne, an kuwa raba shi kashi uku, safe da rana da dare, ta yadda rigimar Lakunle da Baroka a kan Sidi ta ƙare cikin yini ɗaya.

5. Yadda ake amsa tambaya

Tukunya ba ta zama sai a kan duwatsun murhu uku. Haka kowane sakin layi na amsa yake bukatar abu uku: ra'ayi, da shaida daga littafi, da bayani. In an ce a tattauna halin Okonkwo, ra'ayi shi ne tsoro ne tushen zafinsa. Shaida ita ce kisan Ikemefuna. Bayani kuwa shi ne wannan aiki ya nisanta ɗansa Nwoye daga gare shi, har daga baya yaron ya bi masu bishara. Wanda ya cika shafi da maimaita labari daga farko zuwa ƙarshe ya wahalar da hannunsa ne kawai. Jerin littattafan jarrabawa yakan sauya bayan 'yan shekaru, don haka a tambayi malami wanda ake amfani da shi. Dabarun kuwa suna nan yadda suke.

6. Kalma ga iyaye

Wasu iyaye suna fargaba domin littattafan nan suna maganar tsafi da kisa da zina. A ƙarni na 4, Waliyyi Basil, bishop na Kaisariya, ya rubuta wa samari shawara kan yadda za su amfana da adabin Helenawa waɗanda ba Kirista ba ne. Ya ce su yi koyi da ƙudan zuma, wanda yake ɗaukar abin da zai amfane shi daga fure ya bar saura. Yaron da aka koya wa tantance magana a littafi, zai iya tantance ta a bakin ɗan siyasa da mai wa'azin ƙarya.

Saboda haka, iyaye, ku saya wa yaro littafin kansa, ko gida biyu su haɗa kuɗi su sayi ɗaya. Bayan addu'ar yamma, ku sa shi ya ba ku labarin babin da ya karanta da Hausa. Ko ba ku yi boko ba, kuna iya tambayarsa, “Don me mutumin ya yi haka?” Ƙungiyar matasa da malamai 'yan Ikkilisiya kuma su keɓe sa'a ɗaya a mako domin karatu tare. Wannan ya fi a nema wa yaro satar amsa, wadda zunubi ce ga mai bayarwa da mai karɓa.

Tambayoyi domin nazari

1. Karanta Luka 10:25-37. Su wane ne taurarin misalin, kuma don me Yesu ya rufe shi da tambaya?
2. Nemo kamantawa ɗaya da siffantawa ɗaya a zaburar wannan Lahadi, ka bayyana aikin da kowacce ta yi.
3. A littafin da ake koya muku, ina mai karatu ya san abin da tauraro bai sani ba?

Mu yi addu'a: Ya Allah, tushen dukan hikima, ka buɗe hankalin 'ya'yanmu, ka ba su naciya wajen karatu da gaskiya a ɗakin jarrabawa, ka kuma sa albarka a wahalar iyayensu da malamansu. Ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.