DARASIN YAU: Me Ake Nufi Da Kaya Mai Inganci?



Da yawanmu idan aka ce inganci, abin da ke zuwa mana a rai shi ne ƙaton kifi ko kaza mai nauyi. To ba nan gizo ke saƙar ba. Inganci shi ne kayanka su biya buƙatar mai saye, kuma yadda ya same su yau haka zai same su gobe. Kwastoma ne alƙali, ba kai mai gona ba.

Mu ɗauki tarwada a matsayin misali.

Mai gashin kifi da mai farfesu suna neman mai kilo 1 zuwa sama, kuma mai rai. Ita kuwa mai banda ta fi son matsakaiciya, kamar giram 300 zuwa 500, don ita ce ke naɗuwa da sauƙi, ta bushe da wuri, kuma mai ƙaramin ƙarfi ya iya saye. Ni kaina a zubina na farko na yi ta ɗura wa kifi abinci har wata shida, alhali masu sayen da ke kusa da ni duk masu banda ne. Suka zo suka ce ya yi musu girma. Dole na karya farashi, ga kuɗin abinci ya riga ya tafi. Kifin lafiyarsa ƙalau, amma ba shi suke so ba.

Ga abubuwa huɗu da mai saye ke auna ka da su:

1. Daidaito. Ka ware manya daban, ƙanana daban. Haka ma ƙwai: kiret ɗaya guda 30 ne, kada ka jera manya a gefe ka cusa ƙanana a tsakiya. Sau ɗaya za ka yi wa mutum haka.

2. Lafiyar mai ci. Idan ka ba kaji ko kifi maganin kashe ƙwayoyin cuta, duba jikin maganin ka ga kwana nawa aka ce a jira kafin a yanka ko a sayar, kuma ka cika su. Kada ka zuba wa busasshen kifi maganin ƙwari, guba ce kake ba mutane.

3. Bushewa. Bandar da ba ta ƙarasa ba ta fi nauyi a sikeli, amma cikin 'yan kwanaki za ta yi fumfuna, musamman da damina. Ribar minti ɗaya ce, asarar kwastoma ta har abada.

4. Yadda kaya suka isa. Ka daina ba tarwada abinci awa 24 kafin kamu. Ruwan ɗaukarta ba zai ɓaci da wuri ba, mutuwa a hanya za ta ragu.

In kuma burinka ka ƙulla kifinka a leda da sunanka ka kai manyan kantuna, sai ka nemi rajistar NAFDAC.

Aikin gida: kafin ka zuba 'ya'yan kifi ko 'yan tsaki na gaba, ka je wajen masu saye uku ka tambaye su girman da suke so, yawan da suke ɗauka a mako, da abin da ya taɓa sa su bar wani manomi. Amsarsu ita ce ma'aunin ingancinka.

Allah ya sa wa kiwonmu albarka.