Janareta Ba Ya Kwana a Ɗaki

Mutanenmu da yawa suna neman abinci a Abijan, babban birnin kasuwanci na Kwaddibuwa. Waɗansu teloli ne ko masu aski a Treichville, waɗansu suna gyaran waya ko sayar da ruwan sanyi a Adjamé. Duk sana'o'in nan da wutar lantarki ake yin su. A 2021, lokacin da ruwa ya ragu a madatsu kuma inji ya lalace a tashar Azito, an yi makonni ana raba wuta unguwa-unguwa. Wanda yake da hali sai ya dogara da janareta, abin da a can ake kira gurup. Irin injin nan ne kuma ake kawo mana ƙauye tsaraba. Saboda haka darasin nan naka ne, ko kana can ko kana gida.

Gubar da ke cikin hayaƙi

Idan fetur yana ƙonewa cikin inji, wata iska tana fita tare da hayaƙin. Likitoci suna kiran ta kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Warin da kake ji na fetur ne. Ita gubar ba ka jin ta.

Jininka yana ɗaukar iska mai kyau daga huhu ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Amma wannan guba ta fi iska mai kyau kama jini fiye da sau 200. Da ta shiga, sai ta tare wurin. Mutum yana numfashi, amma jikinsa yana shaƙewa. Mai barci ba ya farkawa ya gudu. Barcinsa ƙara nauyi yake yi.

Ka san yadda gidajen haya na Adjamé suke: ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, fili kaɗan. Mai janareta yana tsoron ɓarawo. Yana tsoron ruwan sama na Mayu da Yuni. Maƙwabta kuma suna kukan ƙara. Sai ya shigar da injin cikin shago, ko zaure, ko banɗaki, ya ja ƙofa. Dalilansa na gaskiya ne, amma ba wanda ya kai ran mutum. Kada kuma ka ce ai ka buɗe taga, ko fanka tana aiki. Wannan bai isa ba.

Wurin janareta waje ne, inda iska take kaɗawa, kamar mita 6 daga ƙofa da taga, wato taku takwas ko tara. Bakin hayaƙin ya juya wa ɗakuna baya, naka da na maƙwabcinka. Domin ɓarawo, ka ɗaure shi da sarƙa ko ka sa maƙeri ya yi masa keji na ƙarfe. Domin ruwa, ka yi masa rumfar kwano wadda ko'ina a buɗe take. In gidan ba shi da irin wannan fili, gara a kwana da zafi.

Yadda za ka gane

Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, amai, kasala, ruɗewa. Alamun nan sun yi kama da na zazzabin cizon sauro, shi ya sa mutane sukan sha magani su koma su kwanta a ɗakin da yake kashe su. Ka lura da abu uku. Jiki ba zafi. Mutane biyu ko uku sun kamu a lokaci ɗaya. In sun fita waje sai su ji dama. Jarirai, da tsofaffi, da masu ciwon zuciya su ne suka fi saurin galabaita. Mace mai ciki tana iya jin sauƙi alhali ɗan da ke cikinta yana cikin hatsari.

Ka fitar da kowa waje nan da nan, ka kashe injin, ka bar ƙofofi a buɗe. Kada ka daɗe a ciki kai ma. Wanda ya suma, ka kwantar da shi a gefensa. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa. Ba sa wanke gubar, suna iya sarƙe shi su shiga huhu. Maganinsa iskar oksijin ce, a asibiti ake samun ta. A Abijan ka kira 'yan kwana-kwana a 180 ko motar asibiti a 185, ko a kai shi babban asibitin Treichville. A ƙauye a nemi abin hawa zuwa asibiti mafi kusa. Ko ya farfaɗo, a kai shi, ka kuma gaya wa likita janareta yana aiki a kusa.

Fetur da waya

Kada ka ƙara fetur inji yana aiki. Ka kashe shi ya huce tukuna. Kada a haska maka da ashana ko fitilar ƙwai. In wuta ta kama, yashi ake zubawa, ba ruwa ba. Fetur kuma ba a ajiye shi a robar ruwan sha inda yaro zai ɗauka.

Ka duba lambar ƙarfin da aka rubuta a jikin injin. Ƙaramin janareta wanda bai kai wat 1000 ba zai ɗauki ƙwan fitila da fanka da injin aski da cajin waya. Dutsen guga shi kaɗai yakan ci wat 1000 ko fiye. Firji kuma yana jan ƙarfi ninki biyu ko uku a lokacin tashi. Ka ta da injin tukuna, sa'an nan ka haɗa kaya ɗaya-ɗaya, babba a fari. In waya ta yi zafi a hannunka, ta yi ƙanƙanta da aikin, ka canza ta. Kada ka taɓa inji da jiƙaƙƙen hannu.

Waɗansu sukan cusa wayar janareta cikin soket na bango don wuta ta kama gida duka. Wutar nan tana bin layi ta fita waje, tana iya kashe ma'aikacin CIE da yake kan falwaya yana zaton layin a kashe yake. In kuma aka dawo da wuta, sai gobara. In kana so gida duka ya samu, ka kira ƙwararren mai gyaran lantarki ya sa maka makunnin da yake raba layin kamfani da na janareta.